Hutun kwana biyu daga Kano: Zariya, Daura da Katsina, ko Yankari?

Wanda ke zaune a Kano, ya samu sarari daga bayan sallar Juma'a zuwa yammacin Lahadi, kuma yana so ya fita da iyali ko abokai a ga wani wuri ban da gidan zu da bakin dam ɗin Tiga, yawanci shawara uku ake ba shi. Wani ya ce Zariya, wani ya ce Daura a zarce Katsina, wani kuma ya ce ai ba a yi yawo ba in ba a je Yankari ba. Duk ukun akwai abin gani, amma ba irin tafiya ɗaya ba ce. Abin da ya fi ɓata wa mutane hutu shi ne su yi zaɓi da hoton da suka gani a Facebook, su manta da lissafin hanya. Hoton ruwan Wikki na Yankari ba ya nuna awa shida ko fiye da za a kwashe a cikin mota kafin a tsoma ƙafa a cikinsa.

To a fara da hanyar. Kano zuwa Zariya kilomita 150 ne da 'yan kai, ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, kuma tagwayen hanya ce, awa biyu ta isa. Kano zuwa Daura ta Ɗambatta da Kazaure bai kai haka ba ma. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, daga Katsina a dawo Kano ta Charanchi da Kankiya da Tsanyawa da Bichi kimanin 170. Ka ga ke nan zagaye ne mai kusurwa uku, ba a maimaita hanya, kuma babu ɓangaren da ya wuce awa uku. Yankari kuwa sai ka fara cin kusan kilomita 300 zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, sannan ka ƙara kimanin 70 ta hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji. Ko a ƙofar ma ba ka iso ba, akwai sauran kilomita arba'in da wani abu a cikin daji kafin masaukin Wikki. Wanda ya tashi bayan Juma'a dare zai yi masa a hanya, kuma tafiyar dare a zamanin nan ba abin da zan ba kowa shawara ba ne, a kowace daga cikin hanyoyin nan.

Zariya ita ce mafi sauƙi, kuma saboda sauƙin nata ne Kanawa da yawa ba su taɓa ganinta ba. Sun ratsa ta ba adadi a hanyar Kaduna da Abuja, sun sha mai a Kwangila, wasu ma sun yi shekara huɗu a Samaru, amma ba su taɓa shiga ta Ƙofar Doka da niyyar kallo ba. Birnin Zazzau na cikin ganuwa wani gari ne daban da Sabon Gari da Samaru. Ƙofofinsa suna nan da sunayensu, Kuyambana, Gayan, Kona, Tukur-Tukur, Kibo da sauransu, kuma har yanzu a cikin lunguna ana cin karo da tsofaffin gidajen ƙasa masu zanko da zanen dagi a fuskar zaure, ko da yake siminti na cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar fadar Sarkin Zazzau da zanenta mai launuka ita ce inda kowa ke tsayawa hoto.

Abin da ya fi ɗaukaka sunan Zariya a fannin gini shi ne masallacin Juma'ar da ke gaban fada, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaga bakan gizon da masana gine-gine daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa aunawa, har aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Sai dai a watan Agustan 2023 wani ɓangare na masallacin ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Don haka wanda zai je musamman saboda tsohon ginin ya fara tambayar wani mazaunin garin abin da zai tarar, kada ya tafi da hoton da ya gani a littafi a kansa.

Sauran Zariya na mai son tarihin boko ne da ɗab'i. A Tudun Wada kamfanin Gaskiya yake, gidan da ya riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam na editanta. Akwai kwalejin Barewa, akwai Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, wadda harabarta kaɗai ta isa yawon yamma ga yaron da ake so ya yi sha'awar karatu. A Wusasa akwai tsohuwar cocin ƙasa ta 1929 da aka gina da salon ginin Hausa, a unguwar da Janar Yakubu Gowon ya tashi. Dab da nan Dutsen Kufena yake, kuma shi ne rabon mai son shan iska a wannan tafiya. A hau shi da sassafe kafin dutsen ya ɗau zafi, da takalmi mai kama ƙasa ba silifa ba. Daga sama ana hango gari da gonaki da ragowar tsohuwar ganuwa.

Matsalar Zariya ita ce abubuwan a warwatse suke, kuma ba a shirya su don baƙo ba. Babu wani wuri ɗaya da za ka yanki tikiti a zagaya da kai. In kana da tsohon abokin makaranta a Zazzau wanda ya san lunguna, yini ɗaya zai ƙayatar. In ba ka da kowa, za ka iya ƙarewa da hoto a ƙofar fada da cin shinkafa a Sabon Gari ka dawo. Kuma a ganina ba ta buƙatar kwana. A tashi bayan asuba ranar Asabar, a dawo kafin magariba, Lahadi a huta a gida. Wanda ya ware mata kwana biyu cur zai rasa abin yi a rana ta biyu, sai dai in ziyarar 'yan uwa ce ta kai shi.

Zagayen Daura da Katsina shi ne wanda ya dace da kwana biyun nan kamar an auna. A tashi bayan Juma'a a kwana a Daura, a yi safiyar Asabar a can, da rana a wuce Katsina a kwana, Lahadi bayan azahar a kamo hanyar Kano. Ko mai bin motar haya zai iya, don daga tashar Ƙofar Ruwa ana samun motocin garuruwan biyu, tsakaninsu ma mota ba ta yankewa.

Daura ƙaramin gari ne, kuma abin da ake zuwa gani bai fi a zaga shi da ƙafa ba. Rijiyar Kusugu ita ce kan gaba. Gara in faɗa tun yanzu, wanda ya taso da labarin Bayajida da macijiya Sarki da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, yakan zo da tsammanin wani ƙaton rami mai ban tsoro. Abin da zai tarar rijiya ce madaidaiciya a cikin ɗaki, an gyara bakinta an yi mata murfi. Mai kula da wurin zai buɗe, ya zura guga, ya jawo ruwa ya miƙa maka, ka kurɓa ko ka shafa a fuska, wasu ma har su cika gora su tafi da shi gida. Minti goma ya isa ganin rijiyar kanta. Abin da ke sa a daɗe shi ne bakin mai bayani: yadda baƙon ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, da yadda gari ya waye kowa na cewa shi ya kashe macijiya har aka nemi a fito da kanta. Yara sukan yi tsit a wurin nan fiye da yadda suke yi a aji. Malaman tarihi na jami'a sun daɗe suna muhawara a kan labarin, da yawansu suna ganin Hausawa sun riga zuwan kowane baƙo zama a ƙasarsu, kuma labarin ya fi bayyana yadda sarauta ta sauya hannu daga mata zuwa maza da yadda garuruwa bakwai suka ɗauki juna 'yan uwa. Wannan bai rage wa wurin komai ba. Da babban yaro ɗan sakandare a mota, muhawarar ma ta isa ta cinye hanyar Katsina.

Daga rijiya sai fada, wadda ba ta da nisa. Masarautar Daura na cikin 'yan kaɗan da sarautar Haɓe ta dawo bayan jihadi, don Turawa sun mayar da zuriyar tsofaffin sarakuna kan gado a farkon ƙarni na 20, shi ya sa ake jin wasu sarautu da al'adu a nan waɗanda suka ɓace a wasu fadoji. Wanda zai iya daidaita tafiyarsa da Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal, shi ya more, don a lokacin ne garin ke cika da dawaki da 'yan asalin Daura daga ko'ina, har da na tsallaken iyaka. Amma masauki kan yi wuya a ranakun, sai an nema tun da wuri. Tun watan Yulin 2025 kuma garin ya samu wasu baƙin na daban, masu zuwa yi wa tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari addu'a, tunda a gidansa na Daura aka binne shi. Gida ne na iyali, ba wurin yawon buɗe ido ba, a kiyaye.

A hanyar Katsina, ta wajen Mani, akwai Durɓi ta Kusheyi, inda tuddan kaburburan tsofaffin sarakuna suke. An yi tono a wurin a 1907, aka sake yi a farkon shekarun 1990, aka samu kayan tagulla da na zinariya da suka nuna ƙasar Katsina ta daɗe tana hulɗa da duniyar da ke bayan hamada. Sai dai kayan ba a wurin suke ba, abin da ido zai gani tuddai ne da itatuwa. Mai tsananin son tarihi ya ratse, mai ƙananan yara ya wuce abinsa.

Katsina kuwa ta fi Daura yawan abin gani nesa ba kusa ba, kuma abubuwan nata a kusa da juna suke. Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, ragowar wani babban masallaci ce da makaranta da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, a ƙarni na 15. Ginin ƙasa ne, kuma hawansa sai a hankali: matakalar ƙunci gare ta, ta lashe saboda sawun mutane, kana hawa kana dafa bango, ƙasa na ɗan biyo tafin hannunka. Mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya rakuɓe. In ka kai sama sai ga rufin kwano na tsohon gari shimfiɗe ta ko'ina, da hasumiyoyin sababbin masallatai da suka fi ta tsawo yanzu, alhali a da daga nan ake hango ƙurar mahara. Tsoho mai ciwon gwiwa ya tsaya daga ƙasa, bai yi asarar komai ba, don daga ƙasan ma aka fi ganin kyan ginin.

Daga nan sai Gidan Korau, wato fadar sarki, da Ƙofar Soro, da ƙofofin gari irin su Ƙaura da Marusa da Durɓi da Guga da Sauri da 'Yanɗaka. Akwai kuma kaburburan waliyyan Katsina, Ɗan Marina da Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17 da suka sa ɗalibai ke tahowa garin daga nesa tun kafin jihadin Shehu. Amma wurin da ni na fi so a kai yara shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina da ke Rafukka, wadda aka fara a 1921, yanzu ta zama gidan tarihi. Azuzuwa ne na ƙasa, gajeru, ba wani ado. A cikinsu Ahmadu Bello ya zauna daga 1926, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya biyo shi a 1928. Makarantar ce aka mayar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Yaron da ke ƙorafin ajinsu babu fanka, in ya tsaya a ɗakin da Sardauna ya koyi lissafi, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Akwai maganar tsaro, kuma ba a ɓoye ta. Yammaci da kudancin jihar Katsina, wajajen Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, sun sha fama da 'yan bindiga shekara da shekaru. Zagayen da nake magana bai bi ta can ba, ɓangaren Daura ya fi kwanciyar hankali, amma wannan ba lasisin yawo ba ne. A tsaya kan babbar hanya, a yi tafiya da rana, kada a ce za a yanke ta wani ƙauye don taswirar waya ta nuna ya fi kusa, kuma a tambayi direbobin tasha labarin hanya da safen da za a tashi. Su suka fi kowa sani.

Sai Yankari, wadda ba ta shiga layi ɗaya da waɗancan. Can gari ake zuwa gani da abin da mutane suka gina, nan daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Abu biyu ke kai mutane: namun daji da ruwan Wikki. Na biyun tabbas ne, na farkon sa'a ce.

Wikki ruwa ne mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Garau yake har kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashin da ke ƙasa, ga inuwar manyan itatuwa ta rufe shi. Ta wajen bakin dutsen yana da zurfin da zai shanye mutum, amma yana gangarowa yana raguwa har inda yaro zai tsaya ruwa iya ƙugu. Da sanyin safiyar hunturu, lokacin da ko alwala sai an yi ta maza, shiga ruwan nan wani abu ne da babu irinsa a Kano ko Katsina ko Zariya. Iyalin da ke son sirri, musamman mata, su sauka da sassafe kafin 'yan makaranta da matasa su cika wurin. Kuma a riƙa sa ido a kan kaya, don gwaggon birin Yankari ya saba da mutane har ya raina su. Yana zaune a gefe kamar ba ruwansa, kana ajiye ledar burodi ka juya, ya sure ya haye bishiya yana ci yana kallonka. Yakan buɗe ƙofar mota in ba a kulle ba, yakan shiga ɗaki ta taga. Kada a bar yaro ya riƙe abinci a hannu a waje, kada kuma a yi ƙoƙarin ƙwacewa in ya ɗauka. Gadu ma na yawo a tsakar masaukin kamar awaki, shi dai ba ya kula kowa.

Shiga daji kuwa da motar wurin ake yi da ɗan rakiya, safe ko yamma. Gwambaza da gwanki da mazo da ɓauna da birai iri-iri da tsuntsaye, waɗannan ana yawan gani. Akwai dorina da kada a kogin Gaji. Giwa ita kowa ke nema, kuma garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, amma a daji mai wannan faɗi za ka iya fita sau biyu ka ga kashinsu da rassan da suka kakkarya kawai. Zaki kam kada ma a yi wa yara alkawarinsa. Wanda ya saba kallon dajin Kenya a talabijin ya rage buri, don Yankari daji ne mai itatuwa da duhuwa, ba fili ba ne fetal da za a hango dabba daga nesa. Akwai kuma ɗan tarihi a ciki ga mai so: kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey sama da ɗari, da wuraren da mutanen dauri suka narka ƙarfe.

A nan lokaci ya fi komai muhimmanci. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi sun bazu, wasu hanyoyin cikin dajin ma ba sa biyuwa. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne ciyawa ke bushewa, ƙishirwa ta tattaro dabbobi bakin Gaji, kuma gwargwadon tsananin rani gwargwadon abin da za a gani. Garuruwan tarihi ba su da wannan sharaɗi sosai, amma su ma suna da nasu. Zafin bazara a Katsina da Daura, daga Maris zuwa Mayu, yakan haura digiri 40, yawon ƙafa da yara a lokacin azaba ce. Hazon hunturu kuma yakan rufe abin da za a hango daga Kufena ko Gobarau. Ƙarshen damina zuwa farkon kaka, lokacin da gari ya yi shar kuma iska ta wanke, shi ya fi dacewa da su. Ka ga watan da ya fi kyau ga Yankari shi ne mafi wahala ga Katsina, don haka wani lokacin kalanda ce za ta yi maka zaɓin.

Ta fuskar aljihu babu ma haɗi. Zariya kuɗin mai ne da abincin rana. Daura da Katsina a ƙara kwana biyu a masauki, wanda kuma da wuya Bakano ya rasa ɗan uwa ko abokin kasuwanci da zai sauke shi a ɗaya daga ciki. Kuɗin shiga wuraren tarihi bai taka kara ya karya ba. Yankari kuwa man zuwa da dawowa kaɗai ya haura na kilomita 800, ga kuɗin shiga na kowane kai, ga ɗaki, ga motar shiga daji, ga abinci a inda babu wata kasuwa da za ka fita ka nemi mai rahusa. Kuma ba a zuwa da motar haya kai tsaye. Wanda ba shi da tasa sai ya sauka Bauchi ya ɗauki shata, ya kuma yi magana da direban ya dawo ɗaukarsa. A riƙe tsabar kuɗi da tocila da maganin sauro, daji ne. Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun Salla ɗakuna kan ƙare, hayaniya kuma ta yi yawa, ga wanda ya zo neman shiru.

Shi ya sa nake cewa Yankari ba ta kwana biyu ba ce ga mutumin Kano. Mutumin Bauchi ko Gombe ko Jos, e, Asabar da Lahadi sun ishe shi. Amma daga Kano in ka matsa ta cikin wannan ɗan lokaci, Asabar ta tafi a zuwa, Lahadi ta tafi a dawowa, abin da ya rage wanka ɗaya ne da fita daji ɗaya a gajiye, yara kuma sun yi ta kuka a mota. A jira hutun da ya haɗa kwana uku ko huɗu a cikin rani. In an samu haka, hanyar kanta sai ta zama rabin yawon. A Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsun Habude da Mesa, da duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa. A Kafin Madaki akwai tsohon gidan Madaki da ake dangantawa da Babban Gwani, kusa da nan kuma dajin Sumu, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya, waɗanda ba za ka gani a Yankari ba. A Bauchi a kwana, a ziyarci kabarin Tafawa Ɓalewa wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, a karya da masar Bauchi da safe, sannan a shiga daji da rana tsaka ba a gigice ba.

Su wa za a tafi da su, shi ma yana sauya lissafi. Yara 'yan ƙasa da shekara bakwai ba ruwansu da Korau ko Babban Gwani, ruwa da biri suke so, amma kuma su ne ba sa jure doguwar hanya. Da irinsu gara Zariya ta yini ɗaya ko a haƙura su ƙara girma. 'Yan firamare na sama da 'yan sakandare su ne Daura da Katsina ta fi yi wa amfani, don abin da suke haddacewa a darasin tarihi ne za su taɓa da hannu. Dattawa ma sun fi jin daɗin wannan zagaye, akwai masallatai da ziyara da zumunci, babu jijjigar motar daji. Samari abokai masu mota mai lafiya da za su raba kuɗin mai, Yankari tasu ce. In kuwa an ce in zaɓi ɗaya tak ga magidanci mai hutun Juma'a zuwa Lahadi, Daura da Katsina zan ce, ba tare da dogon tunani ba.

Wanda ya riga ya yi wannan zagaye kuma yana son ƙari, Damagaram na nan gaba da Daura ta iyakar Kongolam, kimanin kilomita 240 daga Kano. Unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram da gidajen Zango masu zane sun riƙe tsohon ginin Hausa fiye da yawancin garuruwanmu na wannan ɓangare, kuma garin ne babban birnin Nijar a zamanin Faransa har zuwa 1926. Sai dai tun juyin mulkin 2023, da ficewar Nijar daga ECOWAS a farkon 2025, sha'anin iyaka ya daina zama na wasa. A tafi da cikakkun takardu na mutum da na mota, a canji sefa tun daga gida, a kuma ji ta bakin masu zirga-zirgar hanyar a makon da za a tashi.

Ko ina aka nufa cikin garuruwan nan, fada ba gidan kallo ba ce, gidan sarki ne da ake zaman fadanci a cikinsa. A yi sallama wurin dogarai, a faɗi daga inda aka zo da abin da ya kawo mutum, a cire takalmi inda aka ga ana cirewa, kada a ɗaga waya a hau ɗaukar hoto sai an nemi izini. Haka ma a kaburburan malamai da cikin unguwanni, musamman inda mata suke. Masu kula da rijiya da hasumiya da gidajen tarihi kuma, yawancinsu ɗan abin da baƙo ya ba su na goro yana da tasiri a wurinsu, a tanadi canji tun daga Kano. A wuraren da ke ƙarƙashin hukuma a kira ko a aika wani ya duba ko suna buɗewa ranar Lahadi, don in ba sa buɗewa sai a juya zagayen, a fara da Katsina ranar Asabar a ƙare da Daura.